ZAFIN INJIN BUSAR DA KAYA DA ASARAR DA YAKE JAWO WA MASU WANKI DA GUGA A JOS

JOS – A duk lokacin da damina ta kankama a birnin Jos, musamman daga watan Yuli zuwa Satumba, kasuwar masu wanki da guga kan buɗe fiye da kullum. Garin yana zaune ne bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, ruwan saman da yake samu a shekara kuwa ya kai wajen milimita 1,400, kuma akan yi kwana biyu ko uku rana ba ta fito sosai ba. Bargon da aka shanya da hantsi sai a kwashe shi da magariba yana nan da danshinsa. Akwai kuma wani ƙuda da mazauna garin suka daɗe da sani, wanda kan yi ƙwai a jikin tufafin da aka shanya a waje, tsutsarsa ta shiga fatar mutum idan ba a goge kayan da dutsen guga mai zafi ba.

Waɗannan dalilai ne suka sa injin busar da kaya, wanda masu sana'ar ke kira draya, ya samu karɓuwa a otal-otal, da masaukan baƙi, da gidajen wanki na zamani, da kuma gidajen masu hali a unguwanni irin su Rayfield. Da yawa daga cikin injunan da ƙananan 'yan kasuwa ke aiki da su na hannu ne, waɗanda aka ƙera domin amfanin gida ɗaya a ƙasashen Turai ko Amurka, suka shigo ta Legas, suka biyo ta kasuwanni irin su Alaba kafin su iso Jihar Filato. Injin da aka yi wa lissafin lodi huɗu ko biyar a mako, sai ga shi yana aiki tun safe har dare a shagon mai wanki.

Ƙorafin da ya fi yawa game da waɗannan injuna shi ne yawan zafi. Wani lokaci kayan ne ke fitowa da zafin da hannu ba ya iya taɓawa, har da warin ƙuna. Wani lokaci jikin injin ne ke ɗaukar zafi. Wani lokaci kuma sai ya mutu ana tsakiyar aiki, ya ƙi tashi sai ya huce. Ga ɗan kasuwa, asarar ta kan zo ta hanyoyi da dama a lokaci guda: biyan diyyar leshi ko suwaitar da ta takure, da ƙarin kuɗin wuta, da kwanakin da injin zai yi a ajiye a daidai lokacin da ciniki ya fi yawa. Bayan waɗannan kuma akwai gobara, wadda 'yan kasuwar Jos ba su buƙatar a yi musu bayaninta, tun bayan da wuta ta cinye Babbar Kasuwar Taminus a watan Fabrairun 2002.

Yadda injin yake aiki

Kafin a yi maganar gyara, ya kamata a san cewa aikin injin gaba ɗaya ya dogara ne a kan iska. Fanka tana jawo iskar ɗaki, ta bi ta kan wayar hita ta ɗumama, ta shiga cikin gangar da kayan ke juyawa a ciki, ta kwashi danshi, ta ratsa rariyar da ke tare burbushin zare, sa'an nan ta fita ta bututu. Moto ɗaya ne yake juya ganga da fanka tare. Hita kuwa ba ta san ko iska na wucewa ko ba ta wucewa ba; muddin wuta na shigarta, zafin da take bayarwa bai canjawa. Hitar injunan Turai takan ci tsakanin wat 2,000 zuwa 2,500, ta Amurka kuma takan haura wat 5,000. Idan iskar da ke ɗauke wannan zafi ta ragu da rabi, ɗumin da take ƙarawa kan kowace iskar da ta wuce sai ya ninka.

Masu ƙera injin sun san da haka, shi ya sa suka ajiye masu gadi hawa uku. Na farko shi ne tamostat na aiki, wanda ke kashe hita yana kunna ta domin zafin cikin ganga ya tsaya tsakanin digiri 55 zuwa 70 a ma'aunin Selsiyas. Na biyu tamostat ne na gaggawa da ke manne kusa da hita, wanda ba ya motsawa sai zafi ya wuce kima. A wasu injunan yana da ɗan maɓalli ja a baya, wanda ake dannawa ya koma aiki. Na uku shi ne fis na zafi, wanda idan ya tsinke, ya tsinke ke nan, sai dai a sa sabo.

A nan ne kuskuren da ya fi kowanne haɗari yake faruwa. Idan fis ya tsinke, kuma ba a sami irinsa a kusa ba, wasu masu gyara sukan ɗauki guntun waya su haɗa bakinsa biyu kai tsaye. Injin sai ya tashi, mai shago ya ji daɗi ya biya kuɗin aiki, alhali kuwa abin da ya tsinka fis ɗin yana nan ba a taɓa shi ba, an kuma cire abu na ƙarshe da ke tsakanin hita da tarin audugar da ke cikin injin. Haka nan yawan danna jan maɓallin nan ba tare da bincike ba. Duk mai shagon da aka ce masa an gyara injinsa cikin minti goma ba tare da an buɗe bututu ba, yana da hakkin ya nemi a nuna masa tsohon fis ɗin da aka cire da sabon da aka sa, ya kuma duba ko lambar zafin da ke rubuce a jikinsu ɗaya ce.

A fara da hanyar iska

Tsarin binciken da ya fi sauƙin kuɗi shi ne a bi iskar daga inda take fita, a komo baya, bayan an zare filogi daga bango. Mafi yawan matsalolin sukan ƙare a nan, ba a kai ga sayen komai ba.

Rariya ita ce farko. Kowa ya san ana cire audugar da ta taru a kanta bayan kowane lodi, amma ba kowa ya san cewa rariyar da ido ke gani fes tana iya kasancewa a toshe ba. Sabulu da maganin laushin kaya da sitati sukan bar wani siririn maiƙo da ke like ƙananan ramukanta. Gwajin ba shi da wuya: a zuba mata ruwa kaɗan. Idan ruwan ya tsaya a kai maimakon ya zube, sai a wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu da buroshi mai laushi, a bar ta ta bushe. Rariyar da ta yage kuma a canja ta, domin ta wannan yagewar ce auduga ke shiga cikin injin.

Sai bututu, wanda a Jos yake da nasa labarin. Faɗinsa inci huɗu ne, wato santimita 10, kuma ana so ya zama gajere, miƙaƙƙe, mai santsin ciki. Abin da aka fi gani a shaguna shi ne mesar roba mai lanƙwasa da aka tura injin ya matse ta da bango, ko kuma dogon bututun ruwa siriri da aka jona domin a kai tururin bayan gida. Kowace kwana da aka yi wa bututu tana rage ƙarfin iska kamar an ƙara masa tsayin mita ɗaya da rabi. Bugu da ƙari, sanyin garin yana taimaka wa toshewar. Iska mai ɗumi da danshi idan ta bi ta dogon bututu mai sanyi, musamman da dare a watannin Disamba da Janairu lokacin da ma'aunin zafi kan sauka kusa da digiri 11, sai tururin ya koma ruwa tun bai fita ba, ya jiƙa burbushin zaren da ke ciki, ya daskare kamar kwali. A ƙara masa ƙurar hunturu, sai ya zama laka. A bakin bututun daga waje kuma, mutane sukan ɗaura ragar sauro domin hana ɓera da ƙadangare shiga, ragar kuwa takan toshe cikin 'yan kwanaki. Inda ba a sa raga ba, zanzaro kan gina ɗakinsa a ciki lokacin da injin yake hutu da rani. Abin da ya dace da wurin shi ne murfi mai marfin da iska ke turawa ya buɗe, ya rufe da kansa idan injin ya tsaya.

Hanyar gane ko bututu ne mai laifi ita ce a cire shi daga bayan injin, a buɗe taga, a kunna injin na 'yan mintoci. Idan iska ta fito da ƙarfi kuma zafin ya daidaita, to an gano inda matsalar take. Idan kuwa iskar ta fito a raunane duk da babu bututu, sai a buɗe bayan injin. A nan akan tarar da auduga ta yi kauri a kewayen fanka da moto da gidan hita, wani lokaci har ta fara yin baƙi-baƙi, alamar ta riga ta fara ƙuna. Fankar kanta ta roba ce a yawancin injuna. Takan karye fiffike, ko ramin tsakiyarta ya cinye ta riƙa sulɓewa a kan sandar moto, a ji ƙarar injin kamar lafiya lau alhali iska ba ta tafiya. Akwai kuma ƙyallen da ke toshe gefen ganga da robar bakin ƙofa. Idan suka cinye, fanka sai ta riƙa jawo iska ta nan maimakon ta kan hita, hitar ta yi ja ita kaɗai.

Injin da ba shi da bututu, wanda ke tara ruwan kayan a cikin tanki, yana da wani akwati mai faranti-faranti a ƙasa da ake zarowa a wanke da ruwa aƙalla sau ɗaya a wata. Da yawa daga masu sayen irin wannan na hannu ba a ba su littafinsa ba, ba su ma san akwatin yana nan ba.

Ɗakin da aka ajiye injin shi ma abin dubawa ne. Saboda tsoron ɓarayi, akan kulle shi a ƙaramin sito maras taga. Injin da ke fitar da iska waje dole ne wata iskar ta shigo ta maye gurbinta, wanda ke tara ruwa a tanki kuma da iskar ɗakin yake sanyaya kansa.

Tsayin Jos da wutar Nijeriya

Akwai wani abin da ba kasafai ake lissafi da shi ba, wato tsayin garin. A mita 1,200, iska ta fi ta Legas rashin nauyi da kimanin kashi 11 cikin 100. Fanka za ta juya yadda ta saba, amma ainihin iskar da take turawa ta ragu da wannan gwargwado, hita kuwa tana nan da ƙarfinta. Injin mai tsabta ba zai damu da wannan ba, domin tamostat zai daidaita. Amma ma'anarsa ita ce 'yar toshewar da injin zai jure a bakin teku, a Jos tana iya kai shi ga tsinka fis.

Abin ya fi tsanani ga injunan Amurka. Wutar Nijeriya bolt 230 ce mai bugawa sau 50 a daƙiƙa, irin ta Ingila. Ta Amurka kuwa sau 60 take bugawa, kuma injin busar da kayansu yana buƙatar wuta iri biyu a lokaci ɗaya: bolt 240 domin hita, bolt 120 domin moto da agogo. Masu gyara kan sa ƙaramar taransifoma su rage wa moton wuta, amma taransifoma ba ta canja yawan bugun wutar. Moton da aka yi domin 60 idan aka ba shi 50, gudunsa zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, fanka ta ragu tare da shi, shi kansa kuma ya riƙa ɗaukar zafi fiye da yadda aka tsara. In aka haɗa wannan da rashin nauyin iskar tudu, iskar da ke ratsa hita ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu tun kafin a sa riga ko ɗaya a ciki, ko da yake bolt 230 na ɗan rage ƙarfin hitar da aka yi domin 240. Girman gangar injin Amurka kan ja hankalin mai saye, amma ya kamata ya karanta farantin da ke bayansa ko bakin ƙofarsa ya ga an rubuta 50 ko 60.

Injunan da ke aiki da gas su ma suna da nasu tarkon. Yawancinsu an saita su ne a kan gas ɗin bututu da ake ja wa gidaje a can, wanda ramin fitarsa ya fi faɗi. Idan aka jona su da tukunyar gas irin tamu ba tare da an canja bakin murhun da saitin ma'aunin matsinsa ba, harshen wutar zai yi girma fiye da kima, ya yi ja, ya bar baƙin hayaƙi a jikin farin kaya.

Ita kanta wutar lantarkin tana da nata rabon. Jos na samun wuta daga kamfanin rarraba wuta na JED, wanda ke kula da jihohin Filato, Bauchi, Binuwai da Gombe tun bayan sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, wasu sassa kuma, musamman wajen Bukuru, daga kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929 domin bai wa ma'aikatun haƙar kuza wuta daga ruwan Kurra. Ko daga ina wutar ta zo, ƙa'idar ɗaya ce. Idan ƙarfinta ya hau da kashi 10 cikin 100, zafin hita kan hau da kashi 21. Hitar wat 2,000 ta koma ta 2,420. Idan kuma ta yi ƙasa, hita takan yi sanyi amma moto ne ke shan wahala, ya ja wuta da yawa, ya yi zafi har makarin da ke cikinsa ya kashe shi. Wannan shi ne injin da ke mutuwa ya tashi bayan rabin sa'a, kuma sauya masa tamostat ba zai yi maganin komai ba. Janaretan da ya yi wa injin kaɗan shi ma haka yake yi, domin da zarar hita ta kama sai gudunsa ya faɗi, fanka ta faɗi tare da shi.

Ɗauke wuta ana tsakiyar aiki ya fi duk waɗannan yawan faruwa. Kowane injin busar da kaya yana ƙare aikinsa da 'yan mintoci na iska zalla ba hita, domin kaya da hita su huce. Idan wuta ta ɗauke, fanka takan tsaya nan take, wayar hita kuwa tana nan da zafinta, sai zafin ya taru wuri ɗaya ya buga tamostat na gaggawa. Sau da yawa injin da aka ce ya lalace bayan an maido wuta, wannan ne kawai ya same shi. Abin yi idan wuta ta ɗauke shi ne a kashe makunnin bango, a fitar da kayan a baza su, domin wasu tsofaffin injuna masu agogon murɗawa kan ci gaba da aiki da kansu idan wuta ta dawo da tsakar dare, shago a kulle.

Idan kuwa filogi ko soket ne ke zafi, har robarsa ta fara narkewa, to laifin na wayar ɗakin ne. Filogi mai ƙafa uku irin wanda ake amfani da shi a nan iyakarsa amfiya 13, wato kimanin wat 3,000, kuma injin Turai ya kusa cinye wannan shi kaɗai. Ba a haɗa shi da dutsen guga a kan wayar jona ɗaya.

Sai a zo ga kayan cikin injin

Idan hanyar iska ta fita, wuta ma lafiya lau, a nan ne ake ɗauko mita. Tamostat na aiki ya kamata ya nuna a haɗe yake idan yana sanyi, ya buɗe idan aka ɗumama shi. Wanda bakinsa ya like ba zai taɓa kashe hita ba. A injunan zamani masu allo, wani ɗan ma'aunin zafi ne ke aika wa allon labari, allon kuma ya kunna hita ta hanyar rile. Ma'aunin na iya yin ƙarya, rilen kuma na iya narkewa ya manne, abin da yawan hawa da saukar wuta ke gaggautawa.

Wayar hita idan ta tsufa takan saki, ta lanƙwaso ta taɓa ƙarfen gidanta. Alamar wannan ita ce injin ya ci gaba da ba da zafi ko da an saita shi a kan iska zalla. Ana gane shi da sa ƙafar mita ɗaya a bakin hita, ɗayar a jikin ƙarfen. Bai kamata mita ta motsa ba. A gine-ginen da ba a ja musu wayar ƙasa ba, irin wannan lalacewa na iya sa jikin injin gaba ɗaya ya ɗauki wuta, ma'aikaci mai jiƙaƙƙen hannu ya taɓa. Aikin nan na ƙwararren mai gyaran lantarki ne.

Abin da ake zubawa a ciki

Cika ganga maƙil yana tare iska kamar yadda toshewar bututu ke yi, kuma nauyin da aka rubuta a jikin injin na busassun kaya ne. Inda ake wanki da hannu a matse da hannu, kayan kan shiga injin ɗauke da ruwan da ya kai nauyinsu ko ya fi, alhali waɗanda injin wanki ya tace ruwansu bai cika wuce rabin nauyinsu da kaɗan ba. Lodin da aka tace sosai yakan ci kimanin yunit huɗu a injin mai bututu. A farashin Naira 225 kan kowane yunit, wanda hukumar NERC ta yanka wa masu rukunin A a watan Afrilun 2024, wannan ya kama Naira 900 a lodi ɗaya a wancan lokacin. Kayan da ke ɗigar ruwa kuwa na iya ninka shi. Ƙaramin injin tace ruwa yakan biya kuɗinsa cikin damina ɗaya ko biyu a shagon da ke da ciniki.

Barguna masu gashi na roba, waɗanda sanyin Jos ya sa suke a kowane gida, sun fi kowane kaya zubar da burbushi, kuma ba su jure zafi mai yawa. Matashin kai na soso da takalman roba ba su da wuri a cikin injin. Shadda dai, kamar yadda masu sana'ar suka sani, wurinta gidan bugu. Mafi haɗari su ne tsummokaran kicin da tawul-tawul da suka sha man gyaɗa ko manja, da kayan aikin makanikai, da kuma rigar da aka goge wa tabo da fetur ko kananzir. Wanki ɗaya ba ya fitar da mai duka. Idan irin wannan kaya suka fito da zafi aka tara su wuri ɗaya, man kan ci gaba da ɗumama kansa a tsakiyar tarin har ya kama wuta, sa'o'i bayan an kashe injin. Masu otal da gidajen abinci su ne wannan ya fi shafa.

Darasin ƙasashen da injunan suka fito

Hukumar kula da gobara ta Amurka ta ƙiyasta cewa tsakanin 2008 da 2010 ana samun gobara kimanin 2,900 a kowace shekara daga injunan busar da kaya a gidaje, da mutuwar mutum biyar, da jikkatar wajen 100, da asarar dala miliyan 35. Rashin share injin shi ne kan gaba a dalilan, da kashi 34 cikin 100.

Abin da ya faru a Ingila ya fi shafar mai saye a Nijeriya kai tsaye, tunda wutarmu da filoginmu iri ɗaya ne da nasu, kayansu na hannu kuma sun fi saurin shiga kasuwa. A watan Nuwamban 2015 kamfanin Whirlpool ya bayyana cewa injunan busar da kaya masu sunan Hotpoint, Indesit da Creda da aka ƙera tsakanin Afrilun 2004 da Satumban 2015 suna da aibi, inda auduga ke iya taruwa ta taɓa hita. Fiye da miliyan biyar aka sayar a ƙasar. A watan Agustan 2016 gobara ta tashi a wani bene mai hawa 18 a unguwar Shepherd's Bush ta Landan, hukumar kashe gobara ta birnin kuma ta danganta ta da ɗaya daga cikin waɗannan injuna. A watan Yulin 2019 kamfanin ya yi shelar janye duk waɗanda ba a gyara ba. Waɗanda aka gyara an manna musu ɗan koren tambari zagayayye a bakin ƙofa ko a farantin baya. Injunan waɗannan shekaru su ne daidai tsarar da ake samu a kasuwar kayan hannu, don haka duk wanda aka tallata wa ɗaya daga cikin sunayen nan uku ya nemi koren tambarin kafin ya yi tayi.

Akwai sabon samfuri da ke aiki da kwamfuresa irin ta firji maimakon wayar hita. Zafinsa bai cika wuce digiri 50 zuwa 55 ba, wutar da yake ci kuma kusan rabin ta mai bututu ce. Tsadarsa da jinkirinsa wajen busarwa, da kuma allonsa da ba ya son hawa da saukar wuta, su ne abin da mai shago zai auna da yawan cinikinsa.

Ga wanda ya riga ya mallaki nasa injin, akwai ma'auni mai sauƙi da ba ya buƙatar mita. Ranar da aka share rariya da bututu da cikin injin, a zuba tawul goma da aka tace, a rubuta mintocin da suka ɗauka kafin su bushe a jikin bango kusa da injin. Duk ranar da tawul goman suka ɗauki ƙarin kashi ɗaya cikin uku na wannan lokaci, hanyar iska ta fara toshewa, ko da fis bai tsinke ba tukuna. Babbar shara ta buɗe bayan injin kuwa lokaci biyu ta fi dacewa a Jos: watan Maris kafin ruwan farko ya sauka, da watan Nuwamba kafin a fara kawo bargunan hunturu. Idan kuma aka ga hayaƙi na fita daga ganga, a kashe wuta daga babban makunni, a bar ƙofar injin a rufe domin kada iska ta shiga ta rura wutar, a fitar da mutane daga ɗakin, sa'an nan a kira 'yan kwana-kwana.